Kafin a Zagi Ɗan Wasa

Duk ranar da ƴan ƙwallon Malbaza suka sha kashi, tun a bakin fili magoya baya ke yanke hukunci. Mai tsaron gida ya yi sanyi, ɗan gaba kuwa ƙafarsa ta mutu. Idonsu bai yi ƙarya ba, sai dai ba su cika tambayar dalili ba.

Yaron da ya yini yana aikin neman abinci, ya yi atisaye da marece kan tsakuwa, kana ya kwana cikin mota fiye da kilomita 400 zuwa Yamai, ina zai sami ƙarfin karawa da wanda ya kwana a ɗakinsa? Wanda ya yi fice kuma, ba ya daɗewa ƙungiyoyin babban birni sun ɗauke shi.

Garin da ke ba ƙasa siminti tun 1966 bai kamata ƴan wasansa su rasa takalma da kuɗin mota ba. Ya dace magajin gari da ƴan kasuwar Malbaza da Ƙwanni su zauna su kafa asusun ƙungiya kafin a buɗe gasa mai zuwa.