Raddi Ga Mai Cewa Batsa Baƙuwa Ce A Kafanchan

A wani taron iyaye da malamai a Kafanchan, wani malami da nake girmamawa ya kafa hujjoji uku kan finafinan batsa. Niyyarsa mai kyau ce, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na farko, ya ce batsa al'adar Turawa ce, domin su ba su san kunya ba. Malam, tarihin Ingila bai goyi bayanka ba. Tun 1912 suka kafa hukumar tace finafinai, a 1959 suka yi dokar hana wallafa batsa. Duk da haka, a shekarun 1970 ƙananan gidajen sinima na unguwar Soho a Landan suka cika da irin waɗannan finafinai, a daidai lokacin da jama'a ke raguwa a majami'u, sakin aure kuma ya sauƙaƙa. Wata malamar makaranta, Mary Whitehouse, ta shafe shekaru tana yaƙar abin. Da kaset ya shiga gidaje, sai suka yi dokar bidiyo a 1984. Ashe su ma sun ji kunyar, sun kuma yi gardama. Fim ya bi sawun sauyin da al'umma ta riga ta fara.

Na biyu, ya ce garinmu tsaf yake har waya ta zo. Wannan son zuciya ne na dattawa. Tun da layin dogo ya mayar da Kafanchan mahaɗa a wajen 1927, garin ke karɓar baƙi da duk abin da suka ɗauko. Mu da muka tashi a shekarun 1990 mun san gidajen kallo: benci, janareta, labulen buhu a ƙofa. Idan an gama fim ɗin Indiya da na Chana, sai a kori yara, a rage murya, a sa wani kaset. Wayar salula da ta zo a 2001 ta cire labulen da mai tsaron ƙofar ne kawai.

Na uku, ya ce maganin shi ne hukuma ta kama masu sayarwa. Najeriya na da hukumar tace finafinai tun 1993, Kano ta kafa tata a 2001. Amma bidiyon batsa da ya girgiza masana'antar Kannywood a 2007 bai bi ta kasuwa ba. Daga waya zuwa waya ya yaɗu. Yau yaro a Kagoro ko Zonkwa ba ya buƙatar shago, data kaɗan ta ishe shi. Ita kanta Ingila ta gane haka, shi ya sa dokarta ta 2023 ta koma kan shafukan intanet, ta tilasta musu tantance shekarun mai kallo. Bin masu shaguna an bar jaki ne ana dukan taiki.

Na yarda da kai, Malam, batsa guba ce, masallaci da coci duk sun yi tir da ita. Amma iyaye, mu muke saya wa ɗan shekara goma sha biyu waya, mu bar shi ya kwana da ita. Daga yau, a karɓi wayoyin yara kafin a rufe ƙofa.