Ra'ayi: Koyon tuƙin katafila na buƙatar wa'adi da takarda

Da zarar an kai amfanin gona gida a Kona da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, tasha kan cika da samari. Wasu Kano suka nufa, wasu Agadas, daga can sai Libiya ko Aljeriya ko ramukan zinariya na Jado. Mafi yawansu ƙarfin damtse kawai suka ɗauka, kuma ƙarfin damtse shi ne abu mafi araha a kowane wurin aiki. A wurin da lebura ke yini da shebur, akwai wani zaune cikin katafilar haƙa, yana kwashe cikin mintoci abin da mutum goma za su yini a kai, kuma albashinsa ya ninka nasu.

Aikin ba ƙaranci yake ba. Bututun man da ya taso daga Agadem zuwa Seme a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa jihar Maradi, kuma rami aka haƙa aka binne shi. Layin dogon Kano zuwa Maradi da aka ƙaddamar a 2021 yana buƙatar a sare tudu a cike kwari. Ga madatsar Kandaji a Tilaberi, ga gyaran babbar hanyar da ta ratsa Tasawa, ga yasar tafkuna da wuraren ɗibar marmara. Tambayar ita ce: idan injin ya iso, ɗan wa ke hawa?

Yadda ake koyo a yau kowa ya sani. Yaro ya liƙe wa direba ya zama aparanti. Da asuba ya duba baƙin mai da ruwan lagireto, ya ɗura giris a gaɓoɓin hannun injin, ya kakkaɓe ƙurar da ta toshe matatar iska, ya duba ko sarƙar ƙafa ta saki. Wannan duka ilimi ne, domin direban da bai san ciwon injinsa ba zai kashe shi cikin wata guda. Matsalar tana wajen hawa kujera. Sai maigida ya tafi sallah ko cin abinci yaro ke samun mintoci kaɗan ya taɓa sandunan sarrafawa. Babu wa'adi, babu alawus tsayayye, babu ranar yaye. Wani direban ma ɓoye sana'ar yake, don gudun kada yaronsa ya karɓe masa gurbi. Bayan shekaru yaro ya iya, amma idan ya je neman aiki a babban kamfani, abu na farko da za a tambaye shi takarda ce.

Wasu za su ce ai haka kakanninmu suka koyi ƙira da jima, ba tare da takarda ba. Gaskiya ne, kuma babu makarantar da za ta maye gurbin zama kusa da gwani. Amma maƙeri idan ya yi kuskure, fartanya ce ta lalace. Injin tan ashirin idan ya juya ba a duba baya ba, rai ne ke tafiya. Akwai ƙa'idojin da ba a tsintar su da kallo: nisan da za a bari tsakanin injin da wayar NIGELEC, yadda ake jibge ƙasar da aka haƙo nesa da bakin rami, dalilin da ya sa ba a wuce da cokali ta saman kan direban tifa, da yadda rairayin jigawa irin namu ke zubewa ba gargaɗi. Mutanen Maradi ba su manta ruftawar ramin zinariya na Ɗan Isa a Nuwamban 2021 ba, inda aƙalla mutum 18 suka rasu. Ba katafila ce ta jawo shi ba, amma darasin ɗaya ne: ƙasa ba ta yafe wa wanda ya haƙa ta da ka.

Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi ba za su iya sayen katafila ba, kuma bai kamata a sa ran haka ba. Injinan suna hannun kamfanonin da ke cin kwangilar gwamnati. Don haka a cikin kwangilar ya kamata a rubuta: duk kamfanin da ya shigo da manyan injina wata gunduma, ya ɗauki adadin samarin yankin, da yarjejeniya a rubuce, da wa'adi, da littafin da ake rubuta awoyin da kowane yaro ya yi a kan kujera. Asusun FAFPA, wanda don tallafa wa koyon sana'a aka kafa shi, ya biya alawus ɗin yaro da ladan direban da ke koyarwa, a ƙarshe a yi jarrabawa a ba da shaida. Ƙofar jarrabawar kuma ta kasance a buɗe ga waɗanda suka koyo aikin a Sabha ko Abijan suka dawo hannu babu takarda.

Ku kuma 'yan ci-rani da ke aiko kuɗi a saya wa ƙane babur na kabu-kabu, ku sake lissafi. Babur na tsufa cikin 'yan shekaru. Kuɗin nan zai iya riƙe yaro da abinci da wurin kwana har ya gama koyo. Sai dai kafin ku damƙa shi ga wani direba, ku zauna gaban shaidu ku tambaya: wata nawa, awa nawa a kan injin, kuma wa zai sa hannu ranar da ya iya?