RA'AYINMU: Ribar Kajin Ƙwai Tana Hannun Mai Kula Da Su

Duk wanda ya zaga gonakin kaji da ke kewayen Ibadan da Abekuta da bayan garin Ikko, zai tarar da 'yan'uwanmu na Arewa da dama suna aiki a cikinsu, wasu kuma sun tara ɗan abin da suka samu sun kafa nasu akurkin. Wannan abin farin ciki ne. Amma tilas mu faɗa wa jama'armu gaskiya, cewa kiwon kajin ƙwai ya sha bamban da kiwon kajin gida da muka saba, waɗanda ake watsa wa tsaba su tafi tono. Sakacin wuni guda kan jawo asarar makonni.

Kazar gidan gona takan fara ƙwai tana da mako 18 zuwa 20, kuma ƙwai ɗaya kan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu a cikinta. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, don haka aikin farko da asuba shi ne a wanke mazubai a zuba ruwa mai tsabta, domin kaza kan sha kamar ninki biyu na abin da ta ci, har fiye da haka in ana zafi. Abincinta kuwa giram 110 zuwa 120 ne a rana, a auna shi, a kuma ba da shi a kan lokaci. In abincin ya rasa ɓawon kawa ko garin ƙashi, sai ɓawon ƙwai ya yi laushi ya riƙa fashewa tun bai kai kasuwa ba. Haka nan kaji suna bukatar haske na awa 16 a kullum, saboda haka a cika musu da fitila bayan faɗuwar rana.

Muna jawo hankalin mutanenmu musamman ga laimar ƙasar Kudu. Masarar da za ta shekara lafiya a rumbu a Funtuwa, a nan tana iya yin fumfuna cikin ɗan lokaci, gurɓataccen abinci kuwa yana rage ƙwai, yana kuma kashe kaji. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Dusar katakon da aka shimfiɗa a ɗaki, in ta jiƙe a kwashe ta, a kuma bar iska ta riƙa ratsawa.

A kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana, a rubuta adadinsa a littafi tare da yawan abincin da aka ci da kajin da suka mutu. Littafin nan shi ne zai fara sanar da mai gona cewa akwai matsala tun kafin ido ya gani. Kazar da ta takure ko ta daina ci, a ware ta nan take a nemi likitan dabbobi.

Ba mu manta da shekarar 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa. Rigakafi ya fi magani. A yi allurar cutar Niyukasil a kan kari, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin maganinta. A ajiye ruwan magani na tsoma ƙafa a bakin ƙofa, kada kuma a bar dillalai da tsofaffin kiret ɗinsu su shiga wurin kaji.

Kiranmu ga matasan da ke aikin lada a gonakin nan shi ne su riƙe amana, su kuma koyi sana'ar tun daga tushe. Wanda ya iya ta, gobe shi ne mai gona, a nan ko a gida. Allah Ya sa albarka a neman kowa, amin.