Sakin mota a firi a gangara ba dabara ba ce

Tun da fetur ya yi tsada, matasan direbobi da yawa ke jefa mota a firi a gangara, wai tsimin mai. Wannan lissafin zamanin kafireto ne. A motocin yanzu masu injekta, kwamfutar inji kan yanke fetur idan mota na gudu cikin giya kuma ƙafa ba ta kan totur. A firi kuwa, dole ta ci gaba da ba inji mai don kada ya mutu. Ga haɗari kuma: nauyin mota duka ya koma kan birki, ya ɗau zafi, ya ƙi kamawa. A gangara irin ta Hawan Kibo, wannan wasa da rai ne. Gara direba ya sauko giya ta uku ko ta biyu, inji ya taya birki aiki.