Ciwon suga ba gado kaɗai ba ne, har da cin tsakar dare

Da an ce wa mutum yana da ciwon suga, amsar da za ka ji ba ta wuce "ai a gidanmu gado ne". Da gaskiyarsa, sai dai gaskiyar ba ta cika ba. Ni a ganina mun mai da gado mafaka, don kada a tambaye mu me muke ci da ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Jikin kowannenmu yana da agogo, kuma wasu ƙwayoyin gado ne ke juya shi, irin su CLOCK da BMAL1 da PER. Su ne ke nuna wa hanta lokacin adana suga da lokacin sakinsa cikin jini. Gano yadda agogon nan ke aiki ne ya jawo wa Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel a 2017.

A 2005 masana a Jami'ar Northwestern ta Amurka suka nuna cewa ɓerayen da ƙwayar CLOCK ɗinsu ta samu tangarɗa suna ci ba dare ba rana, su yi ƙiba, suga da kitse su hau a jininsu. To wannan gado ne, ba musu. Amma a 2007, a jami'ar dai, aka ɗauko lafiyayyun ɓeraye aka riƙa ba su abinci mai yawan maiƙo, sai agogonsu ya rikice, suka koma ci a lokacin da ya kamata su yi barci. Wato maiƙo yana iya ɓata agogon da aka haife ka da shi garau. Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne gwajin su Satchin Panda a Cibiyar Salk a 2012. Abinci mai maiƙo iri ɗaya, adadi kusan ɗaya, amma wasu ɓerayen awa 8 kawai ake bari su ci a kullum. Waɗanda aka sakar wa mara suka yi teɓa, masu awa 8 ba su yi ba.

Wani zai ce ɓera ba mutum ba ne. Haka ne. Amma a 2009 Marta Garaulet, wata masaniya 'yar Sifaniya, da abokan aikinta sun duba mutane a Amurka, suka ga masu wani nau'in CLOCK ƙugunsu ya fi faɗi ne kawai idan suna yawan cin mai mai daskarewa, irin kitsen nama da man shanu. Wani nau'in kuma yana taimaka wa insulin yin aikinsa, amma sai ga masu cin mai irin na zaitun, wanda man gyaɗarmu ma yana da shi da yawa.

Yanzu ka zaga teburin mai shayi bayan isha'i: Indomie da ƙwai suna iyo cikin mai, ga tsire ana cewa "sa min kitse", daga nan sai gado. Ba na ganin laifin mai gadi ko ma'aikaciyar jinya ko direban tirela, aiki ne ya juya musu dare ya zama rana. Sauranmu kuwa saboda hira ne kawai.

Likitocinmu, idan kun tambayi majinyaci me yake ci, ku ƙara da ƙarfe nawa. Iyayen gida kuma a daure a sauke tuwon dare da magariba.