RA'AYINMU: Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kama, labari ɗaya ne yake fitowa daga ƙauyukan Ikara da Maƙarfi da Kudan, watau annoba ta shiga kaji. Za ka tarar matar da ta kwana da kaji ashirin, kafin mako ya zagayo ba ta da ko uku. Wanda ya tashi a birni yana iya ganin abin ƙarami ne, amma duk ɗan karkara ya san kaza ita ce asusun mace. Da ita ake sayen sabulu da littafin yaro, da ita ake fita kunyar baƙo, kuma da yawa daga cikinmu kuɗin motar da ya kawo mu jami'a daga akurki ya fito. Saboda haka wannan mujalla take ganin ya wajaba ɗalibai su san abin da masana suka gano game da waɗannan cututtuka, domin a cikinsa akwai dalilin da ya sa magani yake kasawa.

Manyan cututtukan nan ƙwayoyin bairas ne suke kawo su. Akwai cutar Nukasul, wadda aka fara ganewa a 1926, ita ce mai share kajin gida da hunturu. Akwai murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a nahiyar Afirka a watan Fabrairu na 2006, a wata babbar gonar kaji da ke Jaji cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, a nan Jihar Kaduna, sa'an nan ta sake dawowa ƙasar nan a 2015 da 2021. Akwai kuma cutar Marek, wadda wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hungari mai wannan suna ya bayyana a 1907. Ita ce take shanye ƙafar kaza, ka gan ta kwance ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ta kuma haifar mata da ciwon daji a hanta da saifa.

To, yaya abin da ido ba ya gani yake kayar da kaza haka? A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin kaza akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda a kansa aka rubuta dukan gadonta babi-babi, tun daga launin gashi har zuwa makaman da take yaƙar cuta da su. An kammala karanta wannan rubutu na kaza a 2004, aka sami baƙaƙe kimanin biliyan ɗaya. Amma ba kowane babi ake karantawa a kowane lokaci ba. Wanda ya iya ajami ya san baƙi ɗaya ne, wasali ne yake sauya karatu, in kuma aka ɗora masa ɗauri sai ya tsaya. Haka jiki yake ɗora wasu ƙananan alamomi a kan zaren nan, ko a kan sunadaran da aka naɗe shi a jikinsu kamar zare a mazari. Inda aka ɗaure naɗin tamau, babin ya rufu. Inda aka sassauta, sai a karanta. Ilmin waɗannan alamomi shi ake kira efijenetik, sunan da wani masani ɗan Ingila, Waddington, ya ƙirƙira a 1942.

A nan ne makircin bairas yake. Idan cuta ta shiga, ƙwayoyin jiki sukan saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda yake tamkar mai shela, yana umartar a buɗe ɗaruruwan babobin tsaro. Bairas ɗin Nukasul yana da sunadarin da yake toshe wannan shela. Game da H5N1 kuwa, masana a Amurka sun nuna a 2014, da suka gwada shi a kan ƙwayoyin huhun ɗan Adam, cewa yakan sa a ɗora alamar rufewa a kan wasu babobin tsaron. Watau makaman suna nan a rumbu, amma an garƙame ƙofa.

Bairas ɗin Marek ya fi su iya zamba. Yana da wani sunadari mai suna Meq, wanda yake haɗa kai da wani sunadarin kazar kanta, wanda aikinsa na asali shi ne rufe babobi. A 2006 masana a Ingila suka gyara bairas ɗin yadda Meq ba zai iya riƙe wannan abokin nasa ba, sai ga shi ya kasa haifar da ciwon daji. Ashe gaskiyar Bahaushe ne, da ɗan gari akan ci gari. Bugu da ƙari, bairas ɗin yakan cusa nasa rubutun a ƙarshen zaren kazar, ya yi lamo, alamomin rufewa su lulluɓe yawancin babobinsa, har dakarun jiki su wuce ba su gan shi ba. Kazar tana kiwo garau, alhali tana zubar da cutar a cikin ƙurar gashinta, ƙurar kuwa takan yi watanni a ɗaki da ƙarfinta.

Darasin da ke cikin wannan a fili yake. Kafin uwar gida ta ga kazarta ta yi jugum, an riga an ci garin daga ciki. Kafson da ake fasawa a ruwan kaji an yi shi ne domin bakteriya, ba ya taɓa bairas, ballantana ya kwance ɗaurin da aka yi a cikin ƙwayar halitta. Kuma kazar da aka sayo tana cara a kasuwar Maƙarfi ko ta Hunkuyi tana iya zama ita ce jakadiyar annoba. Hanya ɗaya ta rage, a sanar da jiki kamannin abokin gaba tun bai iso ba. Wannan shi ne rigakafi.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, in an tafi hutu a kai wa iyaye maganganu biyar. Kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta a keɓe ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta kamu kada a ruga da ita kasuwa, domin wannan ɗora wa maƙwabci asara ne. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefar a bola, kada kuma yara su taɓa ta, don murar tsuntsaye ta kashe mutum a Legas a 2007. A raba makwancin agwagi da na kaji, domin agwagwa tana da wani babin tsaro da kaza ba ta da shi, tana iya ɗaukar murar ba ta nuna ba. Mai sayen 'yan tsakin gona kuwa ya tambaya ko an yi musu rigakafin Marek, wanda tun ranar ƙyanƙyasa ake yin sa.

Muna kira ga ƙananan hukumomin nan uku da su ɗauki kaza da muhimmancin da suke ba saniya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana yin rigakafin Nukasul mai jure zafi, wanda ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido. Ba ya bukatar allura, kuma mace ko yaro zai iya koyonsa a zama ɗaya. Abin da ake nema shi ne a sayo shi a raba tun kaka, a kuma maimaita a kan kari, ba sai akurki ya zama kango a aiko da ma'aikaci ya ƙirga gawa ba.

Kiranmu na ƙarshe ga jami'a ne. A Mishigan ta Amurka an daɗe ana kiwon zuriyar kaji biyu, ɗaya mai jure Marek, ɗaya mai saurin kamuwa, an kuma gano alamomin da ke kan zarensu sun bambanta bayan cutar ta shige su. Mu ma kowace annoba takan bar kaza ɗaya ko biyu a tsaye a gidan da sauran suka ƙare. Me ya tsare su? Ga Tsangayar Likitancin Dabbobi a Samaru, ga cibiyar Shika wadda ta fitar da kazar ShikaBrown, dukansu tafiyar da ba ta kai yini ba daga Kudan. Ya kamata ɗaliban da ke neman abin bincike su dubi wannan tambaya, in sun sami amsa kuma su rubuta ta da harshen da masu kajin suke ji.

Talakawan da suka sayar da kajinsu muka yi karatu suna bin mu bashi, kuma ga wata hanya ta fara biya. Allah ya ba mu ikon sauke nauyi, amin.