Shingen da Ke Tsakanin Matafiyi da Abin Al'ajabi

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. Wannan ne ya sa a kowace shekara ɗimbin mutane ke ƙetare teku domin su kutsa cikin kogwannin duwatsu, ko su tsaya gaban maɓuɓɓugar ruwan zafi mai tsartuwa sama. Da yawa daga cikinsu sukan dawo suna ƙorafin cewa hukumomi sun rage wa tafiyar armashi da shingaye da dokoki da tilasta ɗaukar ɗan jagora. Ra'ayina shi ne, hukumomin sun yi daidai, kuma masu ƙorafin ba su san abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu ba.

Bari mu fara da maɓuɓɓugar. Kada mai karatu ya kwatanta ta da ruwan Wikki na Yankari, wanda ɗuminsa ba ya hana wanka. Ita wannan, ruwan sama ne ke tsiyaya cikin tsagogin ƙasa har ya iske duwatsun da narkakken dutse ya gasa daga ƙasa. Nauyin ruwan da ke bisa yakan danne na ƙasa ya hana shi tafasa, ko da zafinsa ya haura digiri 100. Da zarar dannewar ta sassauta, sai ruwan ya rikiɗe tururi farat ɗaya, ya yi feshi sama. A ƙasar Iceland akwai wadda ake kira Strokkur, tana yin haka kusan kowane minti 5 zuwa 10. A gandun Yellowstone na Amurka kuwa, wanda aka keɓe tun 1872, akwai kusan rabin irin waɗannan maɓuɓɓugai na duniya. Mafi shahara, Old Faithful, takan harba ruwa sama da mita 30.

To, ƙasar da ke kewaye da su sau da yawa ɓawo ce kawai, ƙarƙashinta tafasasshen ruwa. Shi ya sa aka shimfiɗa wa baƙi hanyar katako. A watan Yuni na 2016 wani matashi ɗan shekara 23 ya sauka daga kan wannan hanya a yankin Norris na gandun, ya zame ya faɗa wani tafki mai zafi da asid. Ba a samu gawarsa ba. Mutanen da ruwan zafin Yellowstone ya halaka sun haura 20.

Shingen kuma yana kare wurin daga baƙo. Akwai tafki a gandun mai suna Morning Glory, wanda da can shuɗi ne shar. Baƙi suka yi ta jefa masa kwabbai da duwatsu da tarkace har mashigar ruwan zafinsa ta ƙuntata, ya huce, launinsa ya sauya. A Iceland ma an daɗe ana zuba wa babbar maɓuɓɓugar Geysir sabulu domin a tilasta mata feshi a gaban 'yan kallo, kafin a hana.

Sai batun kogo. A nan masu son kasada suna da hujja mai ƙarfi, kuma adalci ne a ambace ta. Kogon Lascaux na Faransa, mai ɗauke da zanen dawakai da bijimai na kimanin shekara 17,000, samari huɗu ne suka gano shi a 1940, ba da izinin kowa ba. Da sun ji tsoro, da wataƙila duniya ta daɗe ba ta san da shi ba. Na yarda. Amma a dubi abin da ya biyo baya. An buɗe kogon ga jama'a a 1948, sai numfashi da ɗumin jikin masu ziyara suka fara cin zanen. Cikin shekara 15 kacal ɓarnar ta kai ga rufe shi a 1963, daga baya aka gina kwaikwayonsa a kusa, aka buɗe a 1983. Bajintar mai ganowa daban, turmutsutsun 'yan kallo daban. Wanda ya sayi tikitin jirgi domin ya ɗauki hoto kada ya ari rigar waɗancan samari.

Misalin da ya fi shafar ɗalibi mai shirin zama malami shi ne na kogon Tham Luang da ke lardin Chiang Rai na ƙasar Tailan. Ranar 23 ga Yuni, 2018, yara 12 'yan ƙungiyar ƙwallon ƙafa, masu shekara 11 zuwa 16, suka shiga kogon tare da mataimakin kocinsu ɗan shekara 25. Ruwan sama ya sauka, hanyar fita ta cika, suka yi ta ja da baya har suka maƙale a wani tudu, kimanin kilomita 4 daga bakin kogon. Sai ranar 2 ga Yuli wasu masu ninƙaya 'yan Birtaniya suka iske su. Fitar da su ta ɗauki kwana uku, daga 8 zuwa 10 ga wata, kuma sai da aka yi wa kowane yaro allurar barci, domin kada firgici ya kama shi a ƙarƙashin ruwa.

Abin lura a nan shi ne, allon gargaɗin da ke bakin kogon ya ambaci haɗarin ambaliya ne daga watan Yuli, su kuwa a ƙarshen Yuni suka shiga. Ke nan ana iya cewa ba su karya doka ba. Sai dai damina ba ta karanta allo. Wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane, doka ita ce mafi ƙarancin abin da ake bukata daga gare shi. Wajibi ne ya dubi sama, ya tambayi mazauna wurin, ya sanar da wani inda za shi da lokacin da zai fito. Ba na ɗora wa kocin laifi duka, domin shi ne ya kwantar wa yaran da hankali cikin duhu har taimako ya zo, iyayensu ma sun aika masa da saƙon cewa ba su riƙe shi a zuci ba.

Amma mai cewa "raina ne, ni zan yi kasada da shi" ya kamata ya ƙirga waɗanda za su bi sawunsa idan ya maƙale. Dubban mutane daga ƙasashe da dama ne suka yi aikin ceton Tham Luang. Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Tailan da ya zo aikin sa-kai, ya rasu ranar 6 ga Yuli yana dawowa daga ajiye tukwanen iska a kan hanyar yaran. Wani sojan ruwan, Beirut Pakbara, ya kamu da cuta a jini a lokacin aikin, ita ce ta yi ajalinsa a watan Disamba na 2019.